Wuri Dabam, Waƙa Dabam: Bin Sawun Kuskuren Sauya Tsarin Jerin Waƙoƙi a EMMS na Emacs

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani nau'in kuskure da ke tasowa idan aka rubuta umarnin matsar da waƙa sama ko ƙasa a jerin waƙoƙin da ke zaune cikin manhajar rubutu, ta ɗauki EMMS na Emacs a matsayin abin nazari. Hujjar da ta kafa ita ce, irin wannan kuskure ba kasafai yake ɓuya a lissafin matsarwar ba. Tushensa shi ne ɗaukar wurin da waƙa take a matsayin ita kanta waƙar. Don haka mai bincike ya fara da rubuta sharaɗin da bai kamata ya taɓa karyewa ba, ya sa kwamfuta ta riƙa duba shi bayan kowane umarni, kafin ya shiga bin rubutun manhajar layi-layi.

Yadda jerin yake a ciki

GNU Emacs, wadda Richard Stallman ya fitar ga jama'a a 1985, manhajar rubutu ce da ake iya faɗaɗa ta da harshen Emacs Lisp, har masu amfani da ita suka gina mata abin karanta wasiƙu, da kalanda, da abin sauraren kiɗa. EMMS, wanda Jorgen Schäfer ya fara rubutawa a 2003, shi ne mafi shahara a wannan fanni na ƙarshe. Abin da ya kamata a fara sani game da shi shi ne, ba ya fitar da sauti da kansa. Yana tayar da wata manhajar sauti ta waje, irin su mpv ko VLC ko mpg321, ya miƙa mata sunan fayil, ya jira ta gama, sannan ya miƙa mata na gaba. Aikinsa na gaskiya shi ne riƙe jeri da sanin inda aka kwana a cikinsa. Jerin kuwa ba a ɓoye yake a wani teburi na daban ba. Bafa ce, wato irin filin da Emacs ke ajiye kowane rubutu a ciki, kowace waƙa da layinta. A jikin haruffan kowane layi an manna wata sifar rubutu mai suna emms-track, wadda ke ɗauke da ainihin bayanin waƙar: nau'inta, inda fayil ɗinta yake, sunan mawaƙi da sauransu. Wannan tsari ne ya sa ake iya yanke waƙa da C-k a liƙa ta a wani wuri da C-y, kamar yadda ake yi wa kowane layin rubutu, domin sifar tana bin haruffan duk inda suka je.

Sai dai akwai abubuwan da ba sa bin haruffa, kuma a nan zancen yake. Waƙar da aka zaɓa, EMMS yana tuna ta ne da alamar wuri mai suna emms-playlist-selected-marker. Alamar wuri a Emacs tana zaune ne tsakanin harafi da harafi. Idan aka ƙara rubutu ko aka goge a gabaninta, Emacs yana gyara lambarta don ta ci gaba da nuna wuri ɗaya. Idan kuwa aka goge rubutun da take jingine da shi, ba ta tafiya tare da shi. Tana nan a bakin ramin da aka bari, tana nuna duk abin da ya matso ya cike gurbin. Haka ma launin da ke haskaka layin da ake sauraro, wani lulluɓi ne da aka shimfiɗa a kan bafar, ba ya shiga cikin abin da aka yanka. Ga kuma manhajar sauti can a waje tana kunna fayil ɗin da aka ba ta, ba ta san an taɓa komai ba. Ke nan amsar tambaya guda, wace waƙa ce ake ji yanzu, tana rubuce a wurare huɗu: sifar da ke kan layi, alamar wuri, lulluɓi, da manhajar waje. Ɗaya kaɗai daga cikinsu ke tafiya da kanta idan layi ya motsa. Abin ya yi kama da layin famfo inda kowa ya ajiye jarka ta riƙe masa wuri: idan mutum ya sauya wuri bai ɗauki jarkarsa ba, wanda ya matso kusa da ita shi za a ɗauka mai ita ne.

Misali da lambobi

A ɗauki jeri mai waƙoƙi huɗu, A da B da C da D, kowane layi haruffa 10 har da harafin karya layi. Emacs yana fara ƙirga wuri daga 1, don haka A ta fara a 1, B a 11, C a 21, D a 31. Ana sauraron C, alama tana kan 21. Wani ya rubuta umarnin ɗaga waƙa sama ta hanyar da kowa zai fara tunani: goge layin, koma layi ɗaya baya, sake rubuta shi. Da aka goge daga 21 zuwa 31, alama ta tsaya a 21, wanda yanzu ya zama farkon D. Da aka sake rubuta C a 11, Emacs ya tura alamar gaba da haruffa 10, ta koma 31, har yanzu a kan D. A ido komai lafiya lau: jeri ya zama A, C, B, D, yadda aka so, kuma C na ci gaba da kaɗawa ba tangarɗa. Sai bayan mintuna, da C ta ƙare, EMMS ya nemi waƙar da ke bayan alama, ya tarar an kai ƙarshen jeri. Sauti ya ɗauke, ko kuma a koma kan A idan an kunna maimaita jeri. B da D ba a ji su ba. Da ƙasa aka tura C maimakon sama, jeri zai zama A, B, D, C, alama na kan D, kuma waƙar da za ta biyo bayan C ita ce C ɗin kanta. Mai sauraro zai ce waƙa tana maimaita kanta, wani kuma zai ce ana tsallake waƙoƙi, alhali ciwo ɗaya ne.

Abin lura a nan shi ne, ana iya isa ga tsarin A, C, B, D ta wata hanyar ba tare da wata illa ba. Idan B aka goge aka sake rubuta ta a bayan C, alama za ta sauko daga 21 zuwa 11 tare da C, ta zauna daidai. Sakamako ɗaya a fuskar allo, hali biyu a ciki. Duk gwajin da ya tsaya ga kwatanta tsarin layuka kafin umarni da bayansa zai ba hanyoyin biyu shaidar lafiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin layuka ba shi ne ma'aunin da ya dace ba.

Wanda ya san Emacs Lisp zai ce ai alama tana da nau'i biyu game da rubutun da aka saka daidai a kanta: ko ta tsaya a gabanin sabon rubutun, wanda shi ne halinta na asali, ko ta tsallaka bayansa idan an sa mata haka da set-marker-insertion-type. Sai a ga kamar zaɓen nau'in da ya dace zai kashe maganar. A gwada. Ana sauraron C, aka ɗaga D sama da ita: an goge D, an rubuta ta a 21, daidai kan alama. Alama mai tsayawa za ta zauna a 21 tana nuna D, ta yi kuskure; mai tsallakawa za ta koma 31 tare da C, ta yi daidai. To yanzu a ce bayanin C ne ya sabunta, aka goge layinta aka sake rubuta shi a inda yake. Alama mai tsayawa za ta zauna a 21 kan C, ta yi daidai. Mai tsallakawa za ta faɗa kan D. Kowane nau'i yana gyara abin da ɗayan ya ɓata, yana kuma ɓata abin da ɗayan ya gyara. Dalilin a fili yake. Alamar ba ta da labarin waƙa, kuma babu wani saiti da zai ba ta wannan labari. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa matsalar ta tsari ce, kuma duk gyaran da aka yi ta hanyar juya nau'in alama kawai matsar da kuskuren ne zuwa wani umarnin da ba a gwada ba tukuna.

Marubutan EMMS sun san da wannan, kuma umarninsu na tsara jeri da na cakuɗa shi suna nuna haka. Wajen tsarawa, ana ajiye bayanin waƙar da aka zaɓa tun kafin a taɓa komai, a share bafar, a zuba waƙoƙin bisa sabon tsari, sannan a nemo layin da ke ɗauke da wannan bayani a mayar da alama kansa. Wajen cakuɗawa kuma ana cire waƙar da ke kaɗawa, a cakuɗa sauran, a sa ta a kan gaba, a zaɓi layin farko. A duka biyun ba a dogara da alama ta kai kanta gida ba. Wanda ya zo daga baya yana ƙara nasa umarni a fayil ɗin saitinsa, shi ne yake yawan mantawa da wannan mataki, don babu abin da ke tilasta masa tunawa.

Me ya sa kayan bincike na yau da kullum ke gazawa

Andreas Zeller, a littafinsa Why Programs Fail na 2005, ya bambance abubuwa uku: aibin da ke cikin rubutun manhaja, gurɓacewar halin manhaja sa'ad da take aiki, da kuma gazawar da mutum ke gani da idonsa. Wahalar bincike tana ƙaruwa gwargwadon tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku. A misalinmu gurɓacewar ta faru ne a daidai lokacin da aka goge layi, gazawar kuwa sai da waƙa ta ƙare, ta hannun wani aiki dabam, wato mai gadin da Emacs ke sa wa manhajar waje don ya sanar idan ta fita. Tsakanin nan mai amfani ya riga ya koma rubutunsa, ya danna maɓallai masu yawa, ya manta ya taɓa jerin. Shi ya sa irin wannan ƙorafi yakan zo da cewa abin yana faruwa ne jefi-jefi ba dalili.

Kunna toggle-debug-on-error ba ya amfanar da komai a nan, domin babu wani aiki da ya yi ƙarar kuskure. Kowanne ya yi abin da aka ce ya yi. Umarnin debug-on-variable-change, wanda ya shigo a Emacs 26, yana kama da maganin da ake nema, amma shi ma yana wucewa ta gefe: sunan emms-playlist-selected-marker yana nan yana riƙe da alama ɗaya tun farko, abin da ya sauya lambar da ke cikin alamar ce, kuma wannan ba a ƙirga shi a matsayin sauya ƙimar sunan. Edebug ya fi su amfani, tunda yana ba da damar tsayawa a kowane mataki a duba. Amma yana da sharaɗi biyu masu nauyi. Dole mutum ya riga ya zargi aikin da ya dace kafin ya sa masa ido, alhali alamomin ciwon suna nuna aikin matsawa waƙa ta gaba, wanda ba shi da laifi. Sannan yayin da mai bincike ke tsaye yana tunani, kiɗa bai tsaya ba. Emacs yana sauraron manhajojin waje duk lokacin da yake jiran maɓalli, don haka waƙar na iya ƙarewa a tsakiyar binciken, mai gadi ya motsa alamar, abin da ake kallo ya sauya a hannu.

Hanyar da nake ba da shawara ta fi wannan sauƙi. A rubuta sharaɗin a jimla ɗaya: muddin ana kunna waƙa daga wannan jeri, bayanin da ke kan layin da alama take nunawa dole ya zama shi ne wanda aka miƙa wa manhajar sauti. A ajiye wannan bayani a gefe lokacin da waƙa ta fara, ta hanyar emms-player-started-hook. A rubuta ɗan aikin da zai kwatanta su biyun, a rataya shi a post-command-hook na bafar jerin, ya rubuta sunan umarnin da aka gama da lambar alama duk lokacin da suka saɓa. Da wannan, tazarar mintuna ta koma dannawa ɗaya, kuma sunan mai laifi yana fitowa a rubuce. Ba a rataya binciken a after-change-functions ba saboda a tsakiyar umarni halal ne sharaɗin ya karye na ɗan lokaci, tsakanin gogewa da sake rubutawa. Wannan wurin ya fi dacewa da ajiye tarihin inda aka goge da inda aka saka, wanda za a karanta bayan an san umarnin da ake zargi. A lokacin ne Edebug ke da amfani. Sauran matakai sanannu ne: a tayar da Emacs da emacs -Q don a cire saitin mutum daga zargi, a danna C-u C-x = a kan layi don a ga ko sifar tana nan.

Da zarar an sami sharaɗin, rubuta gwaji da ERT, wanda ke cikin Emacs tun fitowar 24.1 a 2012, ba ya buƙatar ko lasifika. Jeri mai waƙoƙi huɗu, umarni biyu, layuka huɗu da za a iya matsarwa, waƙoƙi huɗu da za a iya cewa su ke kaɗawa: hali 32 ke nan, kwamfuta za ta gama su kafin ƙiftawar ido, har da na bakin iyaka kamar ɗaga layin farko ko tura na ƙarshe.

Abin da za a iya cewa

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce tsarin ne tun asali bai dace ba: da an ajiye jerin a wani tsari na daban a ƙwaƙwalwa, bafa ta zama hoto kawai da ake sake zanawa, da duk wannan bai taso ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma Emacs ɗin kansa yana da irin wannan a tabulated-list-mode, inda kowane layi ke da lambar shaida kuma ake iya komawa kansa bayan an sake zana teburin. Amma a duba abin da za a biya. Yanka da liƙawa, janye abin da aka yi, zaɓen yanki, duk abubuwan da hannun mai Emacs ya saba da su kuma EMMS ya same su kusan kyauta, sai an sake rubuta kowannensu ya bi ta sabon tsarin. Kuma an ƙara wuri na biyar da dole ya yi daidai da sauran. Sharaɗin bai tafi ko'ina ba, an dai sauya abubuwan da yake kwatantawa. Wanda ke fama da kuskure a daren nan kuma ba zai sake gina manhajar da ta haura shekara ashirin ba kafin ya ji waƙarsa.

Suka ta biyu ta fi kusa da ƙasa: a yi amfani da transpose-regions, wanda ke musanya yankuna biyu na rubutu yana tafiya da alamomin da ke cikinsu. Wannan shawara ce mai kyau ga musanya layuka biyu maƙwabta, kuma na fifita ta a kan gogewa da sake rubutawa. Iyakarta ita ce ba ta shafi mai yanke waƙa yanzu ya liƙa ta bayan ya yi wasu abubuwa ba, ko ya liƙa ta sau biyu, ko ya kai ta wani jerin. A nan ma tambayar ta zama ta shawara: idan an yanke waƙar da ke kaɗawa, me ya kamata ya biyo bayanta? Babu aikin Emacs da zai amsa wannan a madadin mai tsarawa, kuma rubuta sharaɗi shi ke tilasta a amsa ta a fili.

Wasu za su ce wannan ƙaramin abu ne da bai cancanci maƙala guda ba. Ban yarda ba. Mai sauraron littafi babi-babi, ko jerin darussa, ko karatun surori a jere, tsallake ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Kuma siffar matsalar ita ce ake gamuwa da ita a duk inda aka riƙe lambar wuri a cikin jerin da wani ke iya sauyawa. Ana ganin haka ƙarara idan aka haɗa EMMS da MPD, manhajar sauti mai riƙe da nata jerin, wadda ake yi wa magana ta mashiga mai lamba 6600. A can jeri biyu ne, na Emacs da na MPD, kuma wata manhaja kamar mpc na iya sauya na MPD ba tare da Emacs ya sani ba. MPD yana ƙirga wuri daga 0, layukan Emacs daga 1, wanda shi kaɗai ƙofa ce ta kuskuren ɗaya-sama-ɗaya-ƙasa. Masu tsara MPD sun raba abubuwan biyu tun a ƙa'idar sadarwarsu: kowace shiga a jeri tana da lambar wuri mai sauyawa da lambar shaida wadda ba ta sauyawa idan an matsar da ita, shi ya sa akwai umarnin move akwai kuma moveid, akwai swap akwai swapid. Jerin ma yana da lambar zubi da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taɓa shi, don mai magana da shi ya gane ko hoton da yake riƙe da shi ya tsufa.

Wannan ya kai mu ga raunin da ke cikin sharaɗin da na kawo, wanda ya kamata a faɗe shi. Lambar shaida a MPD ta shigar ce, ba ta fayil ba. Idan aka sa waƙa ɗaya sau biyu, kowace shiga da tata lambar. A bafar Emacs kuwa, idan aka kwafi layi aka liƙa, layukan biyu suna nuni ga bayani ɗaya tak a ƙwaƙwalwa, kuma text-property-any, wanda ake neman layi da shi, yana tsayawa a na farkon da ya tarar. A jerin A, C, B, C, D, idan C ta biyu ake ji aka sake gina bafar, alama na iya sauka kan C ta farko. Sharaɗin zai ce lafiya, tunda waƙar da ke kan alama ita ce ke kaɗawa, amma mai sauraro zai sake jin B da C kafin ya kai D. Maganinsa shi ne a manna wa layin da ake sauraro wata sifa ta biyu mai ƙima wadda ba ta da tagwai, a lokacin da waƙar ta fara, a riƙa neman layin da ita, a kuma sa sunanta cikin yank-excluded-properties idan ana son kwafin da aka liƙa ya zama sabuwar shiga. Idan kuma ana son yanka da liƙawa su zama matsarwa, sai a bar sifar ta bi layin, a cire ta daga liƙi na biyu. Ko wanne aka zaɓa, dole gwajin ERT ya ƙunshi jeri mai waƙa ɗaya sau biyu, domin a cikin hali 32 da aka lissafa a baya babu ko ɗaya da zai kama wannan.